Laccar Lotus 49: Motar Da Injinta Ya Zama Kashin Bayanta

To jama'a, sannunku da zuwa, ku gyara zama. Yau kan Lotus 49 za mu yi magana, motar tseren Formula 1 (babbar gasar tseren motoci ta duniya) mai kujera ɗaya da Colin Chapman, mai kamfanin Lotus, da Maurice Philippe suka ƙera a Ingila a 1967.

Yawancin motocin lokacin, sai a haɗa firam tukuna sannan a ɗora inji a ciki. Shi kuwa Chapman ya ce a'a, jikin motar ya tsaya daidai bayan direba, a ɗaure injin a nan da noti, shi injin ne zai riƙe giyabos da tayoyin baya gaba ɗaya, wato in ka kwance injin motar ta rabu biyu kenan. Kun ga an rage nauyi, kuma mutumin nan Allah ya yi masa ƙin nauyi a mota. Injin shi ne Cosworth DFV, silinda 8, lita 3, Keith Duckworth ya zana shi, kamfanin Ford ya biya fam 100,000.

Fitarta ta farko a Zandvoort ta ƙasar Holan, direban Lotus Jim Clark ya cinye tseren da ita. Ranar farko fa! Amma duk da ya ci tsere 4 a shekarar, kambun duniya ya tafi wurin Denny Hulme na ƙungiyar Brabham, don ita Lotus gudu ba a magana amma lalacewa kamar me, yau giyabos gobe wani abu daban.

Clark ya rasu a Afrilun 1968 a Hockenheim ta ƙasar Jamus, ba a cikin wannan motar ba, a tseren ƙaramar gasa ta Formula 2 ne. Graham Hill ya ɗauki kambun shekarar da ita, lokacin an cire mata koren fenti an sa ja da fari da ruwan zinariya na sigarin Gold Leaf, ni dai koren ya fi mini kyau.

Sai maganar fukafukai. An kafa mata su can sama kan siraran sanduna don iska ta danne ta ƙasa, a Basalona 1969 na Hill da na Jochen Rindt suka karye, duk biyun suka yi haɗari, aka hana dogayen fukafukan.

A 1970 ta tsufa, amma Rindt ya matsa wa Jack Brabham lamba a Monako har Brabham ya kwashe a kwanar ƙarshe ta zagayen ƙarshe, Rindt ya wuce ya ci. To mai tambaya ya ɗaga hannu.