Ruwa da Mafarki a Fim ɗin The Last Wave

Assalamu alaikum, jama'a, barkanmu da yamma. Fim ɗin da zan yi magana a kansa shi ne The Last Wave, wato igiyar ruwa ta ƙarshe, wanda Peter Weir ya ba da umarni a Ostareliya a 1977.

Ku tuna yadda ya fara. Wata makaranta ce a cikin hamada, rana tsaka, sama garau babu ko alamar hadari. Sai tsawa. Sai ƙanƙara manya-manya tana farfasa tagogi, yara suna ihu. Tun daga nan gabanka zai fara faɗuwa, alhali ba a nuna maka aljani ko dodo ba. Da ruwa kawai Weir ya gina tsoron. A birnin Sidni sama ta ƙi ɗaukewa, har baƙin ruwa aka yi. A gidan jarumin fim ɗin, wani lauya mai suna David Burton, baho ya cika ya tumbatsa, ruwa na gangarowa ta matakalar bene. Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda yake zaune cikin mota, sai ya ga kamar a mafarki titi ya nutse, gawarwakin mutane na yawo a ƙarƙashin ruwa. Mai ɗaukar hoto Russell Boyd ya yi aiki a nan, wallahi.

Shi Burton, wanda Richard Chamberlain ya fito a matsayinsa, lauyan haraji ne da aka ba shi aikin kare wasu 'yan asalin ƙasar, Aborijin, da ake zargi da kisan ɗan uwansu. Ɗaya daga cikinsu, Chris, ya riga ya zo masa a mafarki riƙe da wani dutse mai zane. David Gulpilil ne ya yi Chris, kuma ku lura da idonsa: ko bai ce uffan ba, ka san akwai abin da ya sani wanda ba zai faɗa ba. Dattijo Charlie kuwa, Nandjiwarra Amagula ne, wanda a lokacin shugaba ne na gaske a cikin al'ummarsa a tsibirin Groote Eylandt.

To, a nan kuma damuwata take. Ilimin na Aborijin ne, sirrin nasu ne, su ke gaban alƙali, amma sai labarin ya koma kan Bature, wai shi ne mai baiwar hango abin da ke tafe. Su masu abin sai suka zama 'yan rakiya. Wannan ya yi mini ciwo, don Gulpilil zai iya ɗaukar fim ɗin a kansa. Matar Burton ma ba a ba ta komai ba sai firgita.

Ƙarshen kuma ya yi gaggawa. Burton ya bi magudanar ƙazanta ya shiga kogon ƙarƙashin birni, aka jibga masa bayani ta zanen bango, ya fito bakin teku ya durƙusa. Igiyar ruwan da muka yi ta jira ta taso na ɗan lokaci kaɗan, kuma ba ta razana ni kamar ƙanƙarar makarantar nan ba.