Me ya sa masu hawan dutsen Akonkaguwa suke hawa su sauko?

Ku dubi mutanen nan. Da safe sun yi sama da kaya, sun ajiye, da yamma ga su sun dawo tantin da suka kwana jiya. Masu kallo suna ta cewa wahalar banza. Ku dakata tukuna.

Akonkaguwa ke nan, a lardin Mendoza na Ajantina, mita 6,961, babu dutsen da ya kai shi tsawo a wajen Asiya. Duwatsunsa na tsohon aman wuta ne, ɓawon ƙasa na ƙarƙashin teku da ake kira Nazka, da ke kutsawa ƙarƙashin Kudancin Amurka shi ya cusa su sama. A 1985 an tsinci gawar wani yaro na zamanin Inka, tsohuwar daular yankin, a jikin dutsen. Matthias Zurbriggen, ɗan ƙasar Switzerland, shi ne na farko da aka san ya taka ƙololuwa, a 1897.

Hanyar da aka fi bi ba ta neman gwanintar igiya, tafiya ce, kuma nan take yaudarar mutane. A can sama oksijin yana nan kashi 21 cikin ɗari kamar a ƙasa, amma matsin iska wajen kashi 40 ne kawai na bakin teku. Kowane numfashi ba ya kawo ko rabin abin da aka saba.

Jiki zai saba, sai dai yana son kwanaki. Kuma da dare, cikin barci, numfashi ke raguwa, oksijin na jini ya faɗi. Shi ya sa ake lissafi da inda aka kwana. Daga sansanin Plaza de Mulas, wajen mita 4,300, a kai kaya sansanin Kanada, wajen 5,000, jiki ya ɗanɗana, a sauko a kwana, a huta, sannan a koma da zama. Ƙa'idar likitoci: bayan mita 3,000, kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare ɗaya. Shi ya sa tafiyar ke cin kusan mako uku.

Masu ji da ƙarfi su suka fi ba ni tsoro, don ƙafa tana kai su inda huhu bai shirya ba. Ciwon kai da tashin zuciya, a tsaya. Tari da haki ko ana zaune, ruwa ne ke taruwa a huhu. Tangaɗi da shirme a magana, ƙwaƙwalwa ce ke kumbura. Waɗannan biyun na ƙarshe ba a jiran gari ya waye, a sauko da mutum nan take.