Sharhi: Wa Ya Auna Ƙwaƙwalwar Namiji da ta Mace?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan wata magana ce da babu wanda bai taɓa jin ta ba a garin nan na Gombe, a majalisa, a cikin Keke Napep, a teburin mai shayi, har a ofishin malaman makaranta: wai namiji ya fi mace ƙwaƙwalwa. Masu faɗinta ba sa faɗinta a matsayin ra'ayi. Suna faɗinta ne kamar an gama bincike tun da daɗewa. Yarinya ta faɗi lissafi, sai ka ji an ce, "To, dama mace ce." Ta zo ta ɗaya a aji, maimakon a yaba mata sai a juya kan samarin ajin da faɗa: "Ba ku ji kunya ba, kuna zaune mace ta wuce ku?"

Da a teburin mai shayi maganar take tsayawa, da ba mu kawo ta nan ba. Amma tana bin mutum har cikin gidansa. Da ita uba yake yanke hukunci ranar da kuɗin rajistar WAEC ko NECO na mutum ɗaya kaɗai ke aljihunsa, ga ɗa ga 'ya. Da ita malami yake raba yarinya da ajin kimiyya tun a SS 1, bai ko buɗe sakamakonta ya duba ba. Maganar da ake yanke wa yara makoma da ita kuwa, dole a tambayi wanda ya auna da abin da ya gani.

An auna, kuma ba sau ɗaya ba. A shekarar 1932, a yankin Sikotland na ƙasar Birtaniya, aka zaunar da kusan dukkan yaran da aka haifa a 1921, yara sama da dubu 87, maza da mata, 'yan birni da 'yan ƙauye, 'ya'yan masu kuɗi da na talakawa, aka ba su jarrabawar auna kaifin basira iri ɗaya. Muhimmancin wannan gwaji shi ne ba a zaɓi kowa ba, balle a ce an ɗebo haziƙan wani ɓangare an haɗa da raunanan wani. Da Farfesa Ian Deary na Jami'ar Edinbura da abokan aikinsa suka sake nazarin sakamakon a 2003, sai suka tarar matsakaicin makin maza da na mata kusan ɗaya ne, babu wani bambancin a zo a gani.

A Amurka ma, Farfesa Janet Hyde ta Jami'ar Wiskonsin ta tattara manyan nazarce-nazarce 46 a shekarar 2005, kowannensu ya ƙunshi tarin bincike a kan halayya da basirar maza da mata. Kashi 78 cikin ɗari na bambance-bambancen da aka auna, ko dai ƙanana ne ƙwarai ko kuma babu su kwata-kwata. A 2008 ita da abokan aikinta suka duba sakamakon lissafi na ɗalibai kimanin miliyan 7 a makarantun ƙasar, suka ga 'yan mata da samari kafaɗa da kafaɗa suke. Lissafi fa, darasin da aka fi cewa ba na mata ba ne.

Ba za mu ɓoye muku sauran abin da binciken ya nuna ba, domin gaskiya ba ta buƙatar a rage mata komai. Akwai wuraren da ake ganin 'yar tazara. A jimlace, maza kan fi iya juya siffar abu a cikin tunani, wato a nuna wa mutum zanen wani abu ya gane yadda zai kasance idan an karkata shi. Mata kuma kan fi a karatu da rubutu, da saurin kawo kalmomi, da riƙe abin da aka faɗa musu. Sannan wancan gwaji na Sikotland ya nuna wani abu: maza sun ɗan fi yawa a can ƙololuwa, amma kuma su ne suka fi yawa a can ƙasa, cikin masu makin da ya fi kowane rauni. Masu son kafa hujja da wannan bincike sukan karanto rabin farko su yi shiru a kan rabi na biyu.

Ko wannan tazara ta ƙololuwa ba a kafe take ba. A farkon shekarun 1980, wani bincike a Amurka kan yara 'yan kimanin shekara 13 da suka yi fice na ban mamaki a lissafi ya sami maza 13 a kan kowace mace ɗaya. Aka yi ta yayata shi, ana cewa ga hujja nan, halitta ce. Shekaru suka tafi, aka ƙara buɗe wa 'yan mata azuzuwan lissafi mai zurfi, sai adadin ya sauko zuwa kamar maza 3 ko 4 a kan mace ɗaya. Halittar ɗan Adam ba ta sauyawa cikin shekara ashirin ko talatin. Abin da ya sauya shi ne wanda aka bari ya shiga aji. Haka kuma akwai jarrabawar ƙasa da ƙasa da ake kira PISA, wadda ake yi wa 'yan shekara 15 tun daga 2000. A zagayen 2018 'yan mata sun fi samari a karatu a dukkan ƙasashen da suka shiga, a lissafi kuwa abin ya danganta da ƙasa: a wasu samari ne gaba, amma a Ƙatar da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Malesiya da Finlan 'yan mata ne suka wuce. Da a ce a jini abin yake, ba zai riƙa sauya fuska daga wannan ƙasa zuwa waccan ba.

Wani zai ce ai ƙwaƙwalwar namiji ta fi girma. Haka ne, a jimlace ta fi ta mace girma da kimanin kashi 10 cikin ɗari, kamar yadda zuciyarsa da huhunsa suka fi nata girma, saboda jikinsa ya fi girma. Amma da aka auna ƙwaƙwalwar shahararren masanin kimiyya Albert Einstein bayan mutuwarsa a 1955, nauyinta giram 1,230 ne, ƙasa da na yawancin maza. Wannan hujja a nan ta tsaya.

Sai batun addini, wanda shi ne ya fi nauyi a zukatanmu, kuma ya kamata a taɓa shi da ladabi. Mutane da yawa suna jingina maganarsu da hadisin da ya zo a Bukhari da Muslim kan tawayar hankali da addini na mata. Hadisi ne ingantacce, ba mai jayayya da shi. Amma a cikin hadisin kansa matan sun yi tambaya, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya kuma ba su amsa: ya ambaci shaidar mata biyu a madadin ta namiji ɗaya, da barin salla da azumi lokacin al'ada. Bai ce mace ba za ta fahimci fiƙihu ko lissafin gado ko likitanci ba. Fassara da hukunci aikin malamai ne, mu namu mu tuna wa juna abin da ya faru a tarihi. A Hudaibiyya, lokacin da sahabbai suka cika da baƙin cikin sharuɗɗan sulhu har suka yi jinkirin yanka hadayarsu, shawarar Nana Ummu Salama ce Manzon Allah ya ɗauka: ya fita bai yi wa kowa magana ba, ya yanka tasa ya yi aski, jama'a suka bi. Nana A'isha ta ruwaito hadisai 2,210, manyan sahabbai suna zuwa wurinta neman fatawa. A nan ƙasar Hausa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulfulde da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jagororin mata da ake kira jaji ke zuwa su ɗauki karatu su kai wa matan ƙauyuka. Duk wanda ya hana 'yarsa karatu da sunan addini, ya sani cewa ba tafarkin waɗannan magabata ya bi ba.

Ba sai mun je nesa ba. A 2024, Hajara Ibrahim Ɗan'azumi, 'yar Gombe kuma ɗalibar kimiyya a Jami'ar Jihar Gombe, ta zo ta ɗaya a musabaƙar Alƙur'ani ta duniya ta mata a ƙasar Jodan. Hajiya Amina Mohammed, 'yar asalin jihar nan, tana riƙe da muƙamin Mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2017. Muna alfahari da su. Sai dai ni ban cika son a tsaya ga lissafa sunayen fitattu ba, domin mai gardama yana da amsa a shirye: "Ai waɗannan daban ne." Hujjar da ta fi ƙarfi tana tashar Dukku da Babbar Kasuwa. Ku tsaya kusa da mai fura da nono ku ga yadda take sallamar mutum biyar a lokaci guda, wannan na ɗari biyu, wancan na ɗari uku da hamsin, tana ba da canji, tana riƙe da bashin jiya da na shekaranjiya a ka, ba biro ba takarda. Ku dubi uwar adashi a Pantami ko Jekadafari, mai riƙe da zubin mata talatin, ta san wadda ta zuba, da wadda ta tsallake, da wadda kwasa ta zo kanta. Yawancinsu ba su taɓa zama a aji ba. Wannan lissafi ne tsagwaronsa, kuma ita wannan matar ce za a ce 'yarta ba za ta iya lissafin makaranta ba.

To in haka ne, me ya sa injiniyoyi da likitoci da farfesoshi maza suka fi yawa a cikinmu? Amsar tana cikin yadda yarinya take wuni. Ta tashi da asuba ta yi shara da wanke-wanke, ta ɗebo ruwa, ta shirya ƙanne. Ta isa makaranta a makare, an gama darasin farko, wanda sau da yawa shi ne lissafi. An tashi, ta ɗauki farantin talla. Da dare, lokacin da ɗan'uwanta yake bitar littafi ko yana wurin lesin, ita tana bakin murhu. Idan makarantar ba ta da banɗaki mai ƙofa da ruwa, kowane wata sai ta yi fashin kwanaki. A ƙauyuka da dama na Nafaɗa da Dukku da Funakaye, ƙaramar sakandare tana da nisa, iyaye kuma suna tsoron hanya, tsoron da ba za a ce ba shi da dalili ba. Daga nan sai maganar aure ta taso. Manomin da ya shuka iri ɗaya a gona biyu, ya zuba wa ɗaya taki ya yi mata noma uku, ɗayar ya bar ta ga ciyawa, ba shi da bakin cewa irin ne ya bambanta ranar girbi.

Wannan ba zance ne na tausayi kawai ba, kimiyya ta tabbatar da shi. Wani babban nazari da Stuart Ritchie da Elliot Tucker-Drob suka fitar a 2018, wanda ya haɗa bayanan mutum sama da dubu 600, ya nuna cewa kowace shekara ɗaya da mutum ya ƙara a makaranta tana ɗaga makinsa na gwajin basira da maki 1 zuwa 5. Wato makaranta ba ilimi kaɗai take zubawa ba, ita kanta basirar tana wasa ta. Yarinyar da aka cire daga aji shida an rage mata abin da za a zo daga baya a ce ba ta da shi. Ga kuma abinci. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 suna fama da ƙarancin jini, haka ma kashi 68 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ƙarancin jini yana kawo kasala da rashin natsuwa a aji, ƙarancin sinadarin ayodin lokacin goyon ciki kuma yana taɓa ƙwaƙwalwar jariri, namiji ne ko mace. Mai son 'ya'ya masu kaifin basira, ya fara da kwanon abincin matarsa da zuwanta awo.

A nan zan ɗan ja hankalin 'yan'uwa mata, musamman masu rubutu a Facebook. Ramuwa da cewa maza ne dakikai, ko mace ta fi namiji ƙwaƙwalwa, kuskure ɗaya ne aka juya masa riga, binciken bai ce haka ba. Kuma yara maza ma suna da nasu ciwon: dubi yawan waɗanda ke yawo da kwano a Tudun Wada da Bolari a lokacin da ya kamata suna gaban malami, dubi samarin da suka gama sakandare ba sa iya karanta shafi guda ba tare da tuntuɓe ba. Basirar da muke zubarwa ta kowane ɓangare ce.

Abin da ya fi damuna shi ne, ko da a ce akwai ɗan bambanci tsakanin jimlar maza da jimlar mata, wannan bai gaya wa uba komai ba game da 'ya'yan da ke gabansa. Tazarar da ke tsakanin wani namiji da wani namiji ta ninka wadda ke tsakanin jinsin biyu nesa ba kusa ba. Malam, kana da sakamakon jarrabawarsu na kowane zango a cikin akwati. Ɗauko ka duba. Je ka tambayi malamin ajin. Idan Habu ne ya fi, to Habu ne. Idan Hauwa ce, kada ka ce da ita ta haƙura don ita mace ce.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, daga aji ɗaya na firamare zuwa JSS 3, ba ta ware mace ba. Muna kira ga Ma'aikatar Ilimi da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, da su riƙa fitar wa jama'a alƙaluma kowace shekara, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, duka goma sha ɗaya: yara mata nawa suka gama aji shida, nawa suka shiga JSS 1, nawa suka kai SS 3, nawa ne a ajin kimiyya, kuma makarantu nawa ne ke da malama mace mai koyar da lissafi. Hakimai da dagatai da limamai da ƙungiyoyin iyaye da malamai su karɓi alƙaluman yankinsu su zauna a kansu, domin a nan ne za a ga ajin da 'yan matan Kwami ko Balanga ko Shongom suke ɓacewa daga rajista, a kuma bi su gida-gida tun kafin sabon zango ya yi nisa.

Wassalamu alaikum.