Burakumin: 'yan Japan ɗin da ake bincikar unguwarsu kafin a ba su aiki ko aure

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. A 1975 aka bankaɗo wani littafi a Japan da ake sayarwa a ɓoye, ba ka samunsa a shago, sai dai a turo wa manajan kamfani takarda a ce in kana so ka aiko kuɗi. Ba komai a ciki sai sunayen unguwanni da ƙauyuka sama da 5,000, da yawan gidajen da ke kowacce, da sana'ar mutanen wurin. Da aka bi diddigi sai ga masu saye sama da 200, akasarinsu kamfanoni ne, har da manya-manya. Me za su yi da shi? In yaro ya kawo takardar neman aiki sai a ɗauko adireshinsa da na iyayensa a duba, in unguwar tana cikin littafin shi ke nan, a ce masa Allah ya ba da sa'a a gaba, kuma har ya mutu ba zai san dalili ba.

Mutanen waɗannan unguwanni su ake kira Burakumin. Kuma fa ku gane, ba wata ƙabila ba ce daban. Fuska ɗaya, fata ɗaya, yare ɗaya, addini ɗaya, in ka tsayar da mutum biyu a tashar jirgin ƙasa ta Osaka ba wanda zai iya nuna maka wanne ne wanne. Shi ya sa masu ƙyamar suke buƙatar littafi, don ido ba zai gaya musu komai ba.

Asalin abin sana'a ce. A addinin gargajiyar Japan, Shinto, jini da gawa ƙazanta ne mai naso, wanda ya taɓa zai shafa wa wani, sannan addinin Buddha ya zo da hanin kashe dabba. To amma dole wani ya feɗe saniyar da ta mutu, wani ya jeme fata, wani ya zartar da hukuncin kisa ya kuma ɗauke gawar. Zamanin mulkin Tokugawa, daga 1603 zuwa 1868, sai aka mayar da abin doka da gado: masu waɗannan ayyuka an ware musu unguwa a gefen gari ko bakin kogi, ba sa auren kowa sai junansu, a wasu yankunan har irin tufafin da za su sa an ƙayyade musu. Sojojin samurai kuwa da fatar da suka jeme suke yin sulke da linzami, gangar taiko da ake kaɗawa a wuraren bauta su suke haɗa ta, amma ba a cin abinci da su. Ko a maƙabarta ba su tsira ba, an samu tsofaffin kaburbura da limaman Buddha suka rubuta wa mamacin sunan da ke ɗauke da harafin dabba ko na fata.

Na san wani yana saurare yana cewa ai wannan ba baƙon abu ba ne, eh, mu ma a ƙasar Hausa akwai gidajen da in aka fita binciken aure aka dawo aka ce ɗan mahauta ne sai ka ga fuskar dattawa ta canza, alhali da yamma gidan ne za a aika a sayo tsire. Bambancin shi ne a Japan gwamnati ce ta rubuta abin a takarda, takarda kuma ba ta mantuwa.

A 1871 gwamnatin Meiji, wadda ta gaji mulkin Tokugawa, ta soke wannan matsayi, ta ce kowa talaka ne kamar kowa. Sai manoma a wasu yankuna na yammacin ƙasar suka tayar da bore, suka ƙone gidajen mutanen nan har da kisa, wai don me za a daidaita su da su. Ga kuma wata ɓarnar, sana'ar fata da a da su kaɗai ke da ikon yi sai masu jari suka shigo suka ƙwace, suka tashi ba sana'a ba daraja. Mutane suka laƙaba musu sabon suna, sababbin talakawa, kun ga an dai sake tambari ne kawai. Rajistar iyali da ake kira koseki, wadda kowane ɗan Japan yake ciki, tana nuna inda asalin gidanku yake, kuma shekara da shekaru kowa na iya zuwa ofis ya duba ta wani, sai a 1976 aka taƙaita. Kafin nan masu binciken sirri sun ci kasuwa sosai, uban yarinya zai biya su su gano masa kakan saurayi daga ina ya fito. A 1985 lardin Osaka ya kafa dokar hana su irin wannan bincike.

Su ma ba zama suka yi ba. Ranar 3 ga Maris 1922 suka taru a Kyoto suka kafa ƙungiyar Suiheisha, tutarsu rawanin ƙaya ne, suka ce ba tausayi muke nema ba, muna alfahari da kakanninmu. Daga cikinsu Matsumoto Jiichiro ya fito, wanda bayan yaƙin duniya na biyu ya zama mataimakin shugaban majalisar dattawa.

Amma labarin da ya fi tsaya min a rai shi ne na Sayama. A watan Mayu 1963 aka sace wata ɗaliba 'yar shekara 16 a garin Sayama da ke lardin Saitama, aka kawo wa gidansu wasiƙar neman kuɗin fansa yen 200,000. 'Yan sanda da yawa suka yi kwanton ɓauna a wurin karɓar kuɗin, mutumin ya zo, ya yi magana da yayar yarinyar, ya kuma sulale a gabansu. Kwana biyu bayan nan aka tsinci gawarta. Wata ɗaya kafin wannan an yi irin wannan abin kunya a Tokyo kan wani yaro da aka sace, saboda haka jaridu sun taso 'yan sanda a gaba, dole a kama wani. Sai suka karkata zuwa unguwar Burakumin da ke kusa, suka kama wani matashi ɗan shekara 24, Ishikawa Kazuo, da wasu ƙananan laifuka da ba su da alaƙa da kisan, suka riƙe shi kusan wata guda ana tambayarsa har ya ce shi ne. Daga baya ya ce alkawari aka yi masa, wai in ya amsa shekara goma zai yi ya fito.

Mutumin nan fa talauci bai bar shi ya yi karatun kirki ba, da ƙyar yake rubutu, amma aka ce shi ya rubuta wasiƙar fansa. Sannan ga maganar alƙalami. An yi wa gidan su Ishikawa bincike sau biyu, 'yan sanda da yawa, ba a ga komai ba, sai a na uku aka ce ga alƙalamin yarinyar a saman ƙofa, wurin da mutum a tsaye zai iya miƙa hannu ya taɓa. Lauyoyinsa sun yi shekaru suna cewa ko tawadar da ke ciki ba irin wadda take amfani da ita ba ce. A Maris 1964 aka yanke masa hukuncin kisa, da aka ɗaukaka ƙara ya miƙe ya ce ban kashe ta ba, a 1974 aka mayar da shi ɗaurin rai da rai. A kurkuku ya koyi rubutu da taimakon wani gandiroba, ya riƙa rubuta wa duniya wasiƙu. Ya fito a 1994 bayan shekara 31, amma sakin talala ne, a takarda har yanzu mai kisa ne, shi da kansa yana cewa akwai ankwa a hannunsa da ba a gani. Ya yi ta neman a sake shari'ar har ya rasu a Maris 2025 yana da shekara 86, ba a sake ba. Matarsa ce ta ci gaba da neman.

Gwamnati kam ta zuba kuɗi, wannan ba a musu. Daga 1969 zuwa 2002 an kashe kusan yen tiriliyan 15 wajen gina gidaje, hanyoyi, makarantu da tallafin karatu, unguwannin da a da ba magudanar ruwa suka gyaru. Ƙididdigar gwamnati ta 1993 ta samu mutum kusan 890,000 a irin waɗannan unguwanni sama da 4,400, ita kuwa babbar ƙungiyarsu tana cewa in an haɗa da waɗanda suka bar unguwa sun kai miliyan 3. Kuɗin ya zo da nasa matsalar, an samu almundahana, an samu 'yan damfara da ke fakewa da sunan mutanen nan suna tsorata kamfanoni, ita ma ƙungiyar tana da al'adar titsiye wanda ya yi kalaman ƙyama a gaban taro har sai ya ba da haƙuri, abin da ya sa 'yan jarida da yawa suka ga gara kawai su daina taɓo zancen.

Daga nan ne aka samu masu cewa kar a tashi yaron da ke barci, wato a yi shiru abin zai mutu da kansa. Kuma suna da ɗan abin kamawa, matasa da yawa a Tokyo ba su ma san zancen ba, auratayya ta yawaita ƙwarai. Ni dai ban gamsu ba, don shirun na masu kunya ne kawai, masu ƙyamar ba su yi shiru ba. Nonaka Hiromu, ɗan siyasar da bai ɓoye asalinsa ba, ya kai har sakataren gwamnati, a 2001 ana ganin zai iya zama firaminista, sai aka ruwaito Aso Taro, wani jigo a jam'iyyarsu, ya ce ba za a ba irin su ƙasa ba, Aso ya musanta, amma Nonaka ya tsare shi da maganar ido da ido a taron jam'iyya. A 2009 aka lura Google Earth ta ɗora tsofaffin taswirori da ke nuna waɗannan unguwanni da tsohon sunan zagin, sai da aka yi ca ta goge sunan. A 2012 mujallar Shukan Asahi ta tono asalin mahaifin magajin garin Osaka, Hashimoto Toru, don ta ɓata shi, har sai da shugaban kamfanin da ke buga mujallar ya sauka daga muƙaminsa. Mahautan mayankar Shibaura a Tokyo, masu gyara naman shanun wagyu da ake saye da tsadar gaske, wasiƙun zagi ake aiko musu, har sun baje wasu a ɗakin baƙi don mai ziyara ya gani da idonsa.

Littafin 1975 ɗin ma bai mutu ba. A 2016 wani ƙaramin kamfanin ɗab'i a Kawasaki ya ce zai sake buga tsohon jerin sunayen unguwannin, ya kuma ɗora a intanet. Mutane sama da 200 suka kai shi kotu, a 2023 babbar kotun Tokyo ta ce mutum yana da haƙƙin ya rayu ba a nuna masa wariya ba, ta hana bugawa, kotun ƙoli ta tabbatar a ƙarshen 2024. A Disamban 2016 ɗin majalisa ta yi doka da ta amsa cewa wariyar Burakumin tana nan har yau, ta ce a wayar da kai, a buɗe wuraren kai ƙorafi, a yi bincike. Sai dai dokar ba ta tanadi tara ko ɗauri ga kowa ba, wanda aka yi wa sai dai ya nemi lauya ya shigar da ƙara da kansa, wato ya tsaya a gaban kotu ya faɗi sunan unguwar da ya yi shekaru yana ɓoyewa.