Ledar Jiya, Man Yau: Aikin Farar Ƙasa A Tukunyar Nan

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da war haka. Daga Indiya nake gaishe ku, a ɗakin gwaje-gwajen sashenmu. Ku dubi kwalbar nan. Ruwan da ke ciki mai kalar kananzir, da safe yankakkiyar leda ce da murafan gorar ruwa.

Roba dama daga ɗanyen mai aka yi ta, dogayen sarƙoƙi ne na kabon da haidirojin. Mukan zuba ta a tukunyar ƙarfen nan, mu kore oksijin da iskar naitirojin, mu kai zafi digiri 400 zuwa 500. Tunda babu oksijin ba ta kamawa da wuta, sai sarƙoƙin su tsintsinke su tashi a tururi, tururin ya bi bututun da ruwan sanyi ke zagaye, ya riƙa ɗiga mai.

To amma idan wuta kaɗai aka sa wa leda, yawanci abin da ke fitowa mai kauri ne, ya daskare kamar kyandir ya toshe bututu. A nan ne wannan farin gari mai kama da fulawa, da muke zubawa tare da ledar a tukunya, yake shigowa. Farar ƙasa ce, kawolin, aka gasa ta aka jiƙa da asid aka wanke. Asid ɗin yana cinye wani ɓangare na alminiyon ɗin cikinta, ya bar ta da ƙananan ramuka masu ɗimbin yawa, kuma a jikin ramukan nan ne sarƙoƙin ke karyewa gajejjeru. Aiki ya yi sauri, man ya fito da ruwa-ruwa. A Rourkela da ke jihar Odisha, masu bincike sun gwada kawolin da robar folifirofilin, irin ta murafan nan, sun kuma ga hakan. Wasu suna amfani da yumɓun bentonait. Dabarar ma tsohuwa ce: yumɓun da aka jiƙa da asid injiniya Eugène Houdry ɗan Faransa ya yi amfani da shi wajen fasa ɗanyen mai a matatar Marcus Hook ta Amurka a 1937.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kuɗi. Ziyolait, wani gari mai ramuka da ake haɗawa a masana'anta don irin wannan aikin, ya fi ƙarfi, amma tsada gare shi. Yumɓu kuwa haƙowa ake yi. Muna da kawolin a Ƙanƙara ta jihar Katsina, har an sha bincike a kansa a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma ledar fiya-wata da ta cika mana kwatoci tana cikin robobin da suka fi ba da mai. Wallahi ina son ganin ɗalibanmu sun haɗa biyun nan.

Sai dai don Allah kada kowa ya kafa duro a bayan gida. Iskar da ke fita tana kama wuta nan take. Robar PVC, ta bututun famfo, tana fitar da hayaƙin asid mai ƙona huhu, gorar ruwa ta PET kuma man kirki ba ta bayarwa, toshe bututu take yi. Shi ma wannan na kwalba sai an tace shi kafin ya shiga inji.

Bari in buɗe tukunyar ku gani. Garin ya yi baƙi ƙirin, kabon ya rufe ramukansa. Gobe za mu gasa shi cikin iska baƙin ya ƙone, mu sake gwada shi da ledar shagon sayayya.