Sharhi: Tsalle kan Dusar Ƙanƙara, da Rigimar Zare da Allura

Masu sauraro, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau ya leƙa ƙasashen sanyi ne, inda dubban mutane kan yi cincirindo a gindin tsauni don kallon mai tsalle kan dusar ƙanƙara.

Ɗan wasa zai ɗaura dogayen alluna biyu a ƙafa, ya zauna can ƙololuwar gangare. Koci na kaɗa tuta sai ya saki jiki, ya tsuguna, hannuwa a baya, ya sulalo da gudun kusan kilomita 90 a awa ɗaya. Da isarsa baki sai ya zabura ya kwanta a kan iska. Bayan 'yan daƙiƙu ya dira, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, saukar da ake kira Telemark, sunan wani yanki na Norway, ƙasar da ta haifi wasan. Ana auna nisa, alƙalai biyar kuma su ba da makin kyan salo.

A 1808 wani soja, Olaf Rye, ya yi tsallen mita 9.5 aka yi ta mamaki. A watan Maris na 2025, Domen Prevc ɗan Sloveniya ya yi mita 254.5 a Planica, filin tsalle na ƙasarsu. Ƙarfin cinya kaɗai bai kawo wannan tazara ba. An gina manyan gangara, sannan an koyi hawa iska.

Da can a jere ake riƙe allunan. Sai Jan Boklöv ɗan Suwidin ya fara ware bakinsu kamar harafin V, iska ta samu wurin tallafarsa. Alƙalai suka ce salon ya yi muni, suka dinga zabtare masa maki. Bai fasa ba, har ya lashe kofin duniya na kakar 1988 zuwa 1989. Kafin a ce kwabo, kowa ya kwaikwaye shi.

To amma kwaɗayin iska na da nasa sharrin. Mara nauyi ya fi nisa, don haka 'yan wasa suka shiga horar da kansu da yunwa, har a 2004 FIS, hukumar duniya mai kula da wasan, ta ce wanda ya rame fiye da kima za a rage masa tsawon alluna.

Sai kuma tufafi. Rigar tsalle in ta ɗan fi jiki faɗi, ko ta ƙara tauri, ta zama fiffike. A gasar duniya da aka yi a birnin Trondheim na Norway, ita ma a Maris na 2025, wani bidiyo da aka ɗauka a ɓoye ya nuna jami'an tawagar Norway a gaban keken ɗinki, suna cusa zare mai tauri a hantsar rigunan. Aka soke sakamakon 'yan wasan Norway biyu, Marius Lindvik da Johann André Forfang, Lindvik ya rasa lambar azurfa. Su biyun sun ce ba su san da zancen ba, amma jami'an sun amsa laifi.

A ganina kada a haɗa wannan da abin da Boklöv ya yi, ko da yake duk iskar ake nema. Shi a bainar jama'a ya ware allunansa, ya kuma biya da makinsa. Waɗannan kuwa ɗaki suka shige, a ƙasarsu, a gasar da su ne masu masaukin baƙi.