Nutso da manyan kifayen teku, da ciwon da ke biyo mutum har gida

(Wannan lacca ce da wani likita ɗan garin nan Sakkwato ya yi wa matasa da 'yan kasuwa masu yawan tafiye-tafiye. Na rubuto ta daga rikodin na waya, inda sauti bai fita ba na tsallake.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da malamaina da ke nan gaba, ku yi mini afuwa, yau zancen teku zan yi a garin da babu teku. Na san wani zai ce likita mi ya haɗa Basakkwace da teku, mu da ruwanmu bai wuce gulbin Rima da dam ɗin Goronyo ba. To ai zamani ya canza. Yaranmu na karatu Masar da Malesiya, 'yan kasuwarmu na Dubai, ga masu umara da ke tsayawa Jidda kwana biyu kafin jirgi, sai ka ga yaro ya ɗora hoto a Instagram da baƙin kaya da silinda a baya, ga wani ƙaton kifi shina wucewa ta kansa. Wannan wasan shi ake kira daibin, kuma mutanenmu sun fara shigarsa ba tare da kowa ya gaya musu abin da ke cikinsa ba.

Mu ba baƙin nutso ba ne. Duk wanda ya taɓa zuwa Argungu ya ga Kabawa da Sarkawa na kurme a Matan Fada. Amma su numfashi guda suka ja daga sama su riƙe, su nutse su fito. Mai daibin shi iskar da anka matse cikin silinda yake shaƙa a can ƙasan ruwa, minti 30, minti 40, kuma nan ne lissafin ya bambanta. Na'urar da ta sawwaƙe wanga abu ba ta daɗe ba, a 1943 ne wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, sunka ƙera ta.

Bari in fara da kifayen tunda su ke jan mutane. Akwai wanda ake kira wel shak, shi ne kifi mafi girma a duniya, shina kai mita 12 har ya wuce, jikinsa da ɗigo-ɗigo farare, amma duk girman nan nasa ƙananan halittun ruwa yake tacewa ya haɗiye, ba ruwansa da mutum. Ana ganinsa tsibirin Mafiya a Tanzaniya, da Jibuti, da Maldibs, har da wajen Al Lis kudu da Jidda. Akwai manta, wani faffaɗan kifi mai kamar fukafukai da faɗinsa kan kai mita 7. A Marsa Alam ta Masar akwai dugon, ɗan uwan ayu ne, ciyawar ƙasan teku yake kiwo. Ba na ce babu kifi mai cizo ba, a Disamban 2010 kifin shak ya kashe wata Bajamushiya a Sharm el-Sheikh ta Masar, amma irin haka ba kasafai ba ne. Ni abin da ya fi damuna, kuma shi ya tara mu yau, iskar da ke cikin jikin mai nutson ce.

Ku saurara nan da kyau. Iskar da muke shaƙa yanzu haka, kashi 78 cikin ɗari nitrojin ce, oksijin kashi 21 kacal. Nitrojin ɗin nan jiki ba ya aiki da ita, shiga take ta fita. To a cikin teku, duk mita 10 da ka nutsa nauyin da ke danne ka na ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke danne mu nan doron ƙasa, wato a mita 10 ninki biyu, a mita 20 ninki uku, a mita 30 ninki huɗu. Wannan matsin shi ke tura nitrojin ta narke cikin jini da tsoka da kitse da gaɓoɓi, kuma gwargwadon zurfinka da daɗewarka gwargwadon abin da jiki zai sha. Ku ɗauki kwalbar lemo mai gas. Tana rufe ba ka ganin kumfa ko ɗaya, gas ɗin na ciki a narke. Ka buɗe a hankali ya fita lafiya, ka ɓalle murfin farat ɗaya ta yi tsiri. Jinin mai nutso ke nan in ya taso sama da sauri, kumfa ke tashi cikinsa, kumfar nan ta je ta toshe ƙananan jijiyoyi ko ta zauna cikin gaɓa ko laka.

Ba yau anka san ciwon ga ba. Lokacin gina gadar Buruklin a Amurka cikin shekarun 1870, leburori na aiki ƙasan kogi cikin ɗakunan da anka matse wa iska, suna fitowa suna duƙewa don zogi, wasu sunka mutu, shi kansa babban injiniyan Washington Roebling ciwon ya nakasa shi. A 1878 Bafaranshe Paul Bert ya nuna cewa nitrojin ce. Sai a 1908 John Scott Haldane ya fitar wa sojan ruwan Ingila jadawalin yadda za a riƙa tasowa mataki-mataki, kuma da awaki ya yi gwajinsa, ku da kuke alfahari da jar akuya sai ku san 'yan uwanta sun yi wa duniya hidima. (dariya)

To ina manyan kifayen sunka shigo? Wurin ɗaukar hankali. Mutum ya biya kuɗi da yawa, ya ga manta ta gifta, sai ya bi ta da kyamara, ita ta yi ƙasa ya yi ƙasa, ta yi sama ya yi sama, ya manta da agogon da ke hannunsa mai nuna zurfi da lokaci. Wel shak an auna shi shina nutsawa fiye da mita 1,000, kai wa ya gaya maka za ka iya rakiyarsa? Mai takardar koyo ta farko iyakarsa mita 18, masu nutson shaƙatawa duka iyakarsu mita 40. A jadawalin PADI, wata ƙungiyar koyar da nutso, mita 18 iyakar daɗewarka minti 56, amma a mita 30 minti 20 ne kawai. Kuma daga wajen mita 30 nitrojin kan sa wani irin maye, mutum ya ji shi garau shina nishaɗi alhali hankalinsa ya ragu. In iska ta kusa ƙarewa kuma sai tsoro, sai ya yi sama da gudu, wani ma ya riƙe numfashi, wanda shi ne mafi muni don iskar da ke huhu faɗaɗa take in ana tasowa, tana iya fasa huhun ta shiga jini. Ƙa'ida ita ce a taso a hankali, kada a riƙe numfashi ko kaɗan, a tsaya a mita 5 na minti 3 kafin a fito.

Yanzu ga inda ya shafe mu kai tsaye, wato jirgi. Ka fito ruwa lafiya ba yana nufin nitrojin ta gama fita ba, awoyi take ɗauka. Cikin jirgin sama kuma matsin iska bai kai na ƙasa ba, daidai yake da ka hau dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400. Ƙungiyar DAN mai kula da lafiyar masu nutso ta ce nutso ɗaya a jira aƙalla awa 12 kafin a hau jirgi, in an yi fiye da ɗaya ko an jera kwanaki ana yi a jira aƙalla awa 18, ni kam shawarata a cika awa 24 a huta. Amma mu yadda muke tsara tafiya, sai an gama sayayya an ɗaure kaya, ranar ƙarshe ce ake cewa bari mu je mu ga teku, a yi nutso da hantsi a hau jirgi da dare. Kuma ba jirgi kaɗai ba. Wanda ya yi nutso a Jidda ya ce bari ya hau Ɗa'if ya sha sanyi, Ɗa'if ta haura mita 1,800, ya hau jirgi ke nan a mota. Haka wanda ya yi nutso a Sharm ya tafi hawan Dutsen Sina'i a daren.

Alamomin su ne zogi mai zurfi cikin gaɓa, musamman kafaɗa da gwiwar hannu, wanda tausa ba ta rage shi. Gajiya wadda ta wuce ta aikin da anka yi. Ƙaiƙayi, ko fata ta yi shaci-shaci ja da shuɗi a ciki ko ƙirji. Hannu ko ƙafa ta mutu, ko ka ji kamar ana tsira maka allurai, jiri, tangaɗi, fitsari ya ƙi fita, numfashi ya yi wuya, ko 'yan uwa su ga mutum shina magana ba kan gado. Mafi yawa suna bayyana cikin awa 24, da dama ma cikin 'yan awoyin farko, amma jirgi na iya tayar da wanda ya kwanta.

Ku duba jerin nan da kyau, ciwon gaɓoɓi, kasala, jiri, ciwon kai. Wa ke cikin ɗakin ga da zai ji haka bai ce maleriya ba ce? Mutum ya sauka filin jirgin Sultan Abubakar III, ya ce gajiyar hanya ce, washegari ya aika kemis a sawo maganin zazzaɓi, jibi a ce taifot ne, in ƙafa ta fara ja a ce iska ce ko sammu, ai ya shiga ruwan da ba nasu ba. Shi likitan da ke nan bai da laifi in bai kawo nutso a ransa ba, don ba abin da yake gani kullum ba ne. Saboda haka kai ne za ka buɗe baki, tun kafin a tambaye ka ka ce likita na yi daibin ranar kaza, zurfi kaza, na hau jirgi bayan awa kaza. A yi gwajin maleriyar ma, ba a hana ba, Tanzaniya akwai sauro, amma a san da zancen nutson.

Magani na farko oksijin ne tsantsa, a kwantar da mutum, in hankalinsa na nan a ba shi ruwa, kada a ce ya koma cikin teku wai kumfar ta narke. Maganin gaske shi ne wani ɗakin ƙarfe da ake sa mutum a mayar masa da matsin kamar shina mita 18, shina shaƙar oksijin, a sassauta a hankali, zama ɗaya kan ci kusan awa 5. Ba kowane asibiti ke da shi ba, garuruwan nutso irin Sharm da Hurgada suna da shi, shi ya sa in ka ji alama tun kana can, can za ka tsaya a duba ka, tikiti ya ƙone. Kuma ku duba inshorar tafiyarku, da yawa ba su ɗaukar nauyin haɗarin nutso.

Ba kowane rashin jin daɗi ne wanga ciwo ba. Kunne kan toshe ko ya yi zafi in ba a daidaita shi ba wurin sauka, musamman mai mura, akwai amai na kaɗawar kwalekwale, akwai zafin rana. Amma kada ka yanke wa kanka hukunci.

(Nan wani dattijo ya yi tambaya.)

Likita, Allah shi ba ka lafiya. Ɗana na Alƙahira, kuma sikila gare shi, ya ce abokansa za su Bahar Maliya hutu. Ya halatta ya shiga?

Baba, a'a. Mai sikila kada ya yi nutso da silinda, sanyin ruwa da ƙarancin ruwan jiki da wahala duk suna tayar masa da ciwo, kuma in ya tashi zogin gaɓar ba a iya bambance shi da na kumfa. Haka mai farfaɗiya, da mace mai ciki. Mai asma, da ciwon suga, da hawan jini ko ciwon zuciya sai likita ya duba ya sa hannu. Akwai fom na lafiya da ake ba mutum kafin ya shiga, yaranmu sai su bi layi suna a'a a'a don kada a hana su, ku gaya masa kada ya yi haka.

(Wani matashi kuma ya ce, to in mutum na azumi fa, kamar masu umarar Ramadan?)

Ƙanena, ƙarancin ruwa a jiki na cikin abubuwan da ake lissafawa suna ƙara haɗarin, ga iskar silinda busasshiya ce, ga zafin Jidda. Ka bari sai bayan salla. Kuma in wel shak ne kawai burinka, yawancin wuraren ma ba a sa silinda, a saman ruwa yake kiwo, tabarau da ɗan bututun numfashi ake ba ka ka kwanta a sama kana kallonsa, ka bar mita 3 zuwa 4 tsakaninku saboda wutsiya, kada ka taɓa shi. Wannan ba ya tara maka nitrojin, kana iya hawa jirginka a daren.